Likitocin Fiɗa a Makka: Masu Aikin da Alhazai Ba Su Cika Gani Ba

A kowace shekara, ranar 9 ga watan Zulhajji, akwai wani ayari da ke fita daga birnin Makka ya nufi filin Arfa, wanda ya bambanta da sauran ayarin alhazai. Motocin asibiti ne da manyan motocin safa da aka gyara domin jinya, kowace da likita da ma'aikatan jinya a ciki. Fasinjojin kuwa alhazai ne da ke kwance a asibitocin birnin, wani da ledar ƙarin ruwa a hannu, wani da sabon ɗinki a ciki. Akan kai su filin, mai nisan kimanin kilomita 20 daga Makka, su yi abin da ya sawwaƙa na tsayuwa, sa'an nan a mayar da su gadajensu. Waɗanda ciwo ya kwantar a Madina ma akan ɗauko su a motocin asibiti tun kwanaki kafin ranar.

Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake. Malamai sun haɗu a kan cewa wanda bai halarci Arfa ba, to, ba shi da Hajji a wannan shekara, kuma galibin mutanen da ke cikin motocin nan sun shafe shekaru suna tara kuɗin kujera. Saboda haka likitan fiɗa a Makka nauyi biyu ne a kansa: ya ceci ran majinyaci, ya kuma yi ƙoƙarin ganin ya farfaɗo kafin ranar da ba ta jiran kowa.

Wane ne babban likitan fiɗa?

A fannin likitanci akwai masu fiɗar ƙwaƙwalwa, da masu fiɗar zuciya, da masu gyaran ƙashi. Akwai kuma wanda ake kira likitan fiɗa na gama-gari, wanda mafi yawan aikinsa a cikin ciki yake: tumbi, da hanji, da hanta, da maɗaciya, da saifa. Shi ne mai gyaran ƙaba, da cire afendis, da aikin basir, da maƙoƙo, da ciwon nono, da tsaga maruru a fitar da mugunya. Haka kuma shi akan fara kira idan aka kawo wanda ya yi haɗari ana zaton jini na zuba a cikinsa. A ƙasar Saudiyya, bayan mutum ya gama karatun likita, sai ya ƙara shekara biyar yana samun horo a ƙarƙashin hukumar kula da ƙwararrun lafiya ta ƙasar kafin a amince masa da wannan matsayi. A Najeriya kuwa, Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma da Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ne ke ba da irin wannan shaida.

Sana'ar tana da tsohon tarihi a duniyar Musulmi. Littattafan tarihi sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Daga baya aka yi Abul Ƙasim al-Zahrawi a Andalus, wanda ya rasu a wajajen shekarar 1013. Littafinsa mai suna al-Tasrif kashi 30 ne, na ƙarshensu a kan fiɗa, inda ya zana hotunan kayan aiki kimanin 200, ya kuma bayyana yadda ake ɗinki da zaren da aka yi da hanjin dabba. An fassara wannan kashi zuwa Latinanci, makarantun Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi.

Fiɗa irin ta zamani ta samu ne bayan an shawo kan abubuwa biyu, wato zafi da ruɓewar rauni. A shekarar 1846 aka nuna wa jama'a amfani da maganin sa barci a birnin Boston na Amurka, a 1867 kuma Joseph Lister na Birtaniya ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a wajen aiki. A 1985 wani likita Bajamushe, Erich Mühe, ya cire maɗaciya ta 'yar ƙaramar kafa ba tare da ya tsaga cikin majinyaci ba. Wannan hanya ta aiki da kyamara, wadda yau manyan asibitocin Makka ke amfani da ita, tana da muhimmanci ƙwarai ga alhaji, domin wanda aka yi wa aiki da ita kan tashi cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali wanda aka tsaga yakan fi haka daɗewa a kwance.

Birnin da ke cika cikin mako guda

A shekarar 2012 yawan alhazai ya haura miliyan 3. A 2019 sun kusa miliyan biyu da rabi, a 2024 kuma sun ɗan haura miliyan 1 da dubu 800. Najeriya kaɗai an ba ta kujeru dubu 95 a shekarar 2023. Duk wannan jama'a tana tashi a lokaci guda daga Makka zuwa Mina, daga Mina zuwa Arfa, daga nan Muzdalifa, a sake komowa Mina, cikin kwanaki biyar zuwa shida. Da yawa daga cikinsu dattawa ne, kuma sun zo da cututtukan da suka daɗe suna fama da su.

Domin fuskantar wannan taro, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta jera asibitoci a kan hanyar alhazai. A cikin Makka akwai asibitin gaggawa na Ajyad daf da Harami, da asibitin ƙwararru na al-Nur, da asibitin Sarki Faisal, da na Sarki Abdul'aziz, da na Hira, da kuma babbar cibiyar lafiya ta Sarki Abdullah, inda ake kai masu buƙatar manyan ayyuka. A Mina akwai asibitocin al-Wadi da al-Jisr da na gaggawa; a Arfa akwai babban asibitin Arfa, da na Namira, da na Jabal al-Rahma, da na Gabashin Arfa. Asibitocin Mina da Arfa na lokacin Hajji ne kawai: akan buɗe su da ɗakunan tiyata da na kulawa ta musamman, a kawo ma'aikata daga sassa daban-daban na ƙasar, a yi aiki dare da rana, sa'an nan a rufe su sai baɗi. A lokacin aikin Hajji kyauta ake duba alhazai a asibitocin gwamnati, har da wankin ƙoda da tiyatar zuciya.

Daga wannan gogewa ne aka sami wani sabon reshe na ilimi, wato kiwon lafiyar manyan taruka. A shekarar 2010 an yi babban taro a kansa a birnin Jidda, kuma Farfesa Ziad Memish na Saudiyya yana cikin waɗanda suka fi yin rubuce-rubuce a wannan fage.

Abin da ke kai alhaji ɗakin tiyata

Wanda ke jin labaran Hajji daga nesa zai ɗauka haɗurra ne ke cika ɗakunan tiyata. A mafi yawan shekaru abin ba haka yake ba. Rahotannin da likitocin da suka yi aiki a Mina da Arfa suka wallafa suna ta maimaita cututtuka kaɗan ne: afendis, da ƙafar mai ciwon sukari, da ƙaba da ta shaƙe, da toshewar hanji, da maruru.

A ɗauki ƙaba, alal misali. Wani ɓangare ne na hanji ke leƙowa ta inda naman ciki ya yi rauni, galibi a matsematsi ko a cibiya. Manomi ko ɗan kasuwa na iya zama da ita shekara goma, idan ta fito ya kwanta ya mayar da ita. To amma a Makka ga ɗaukar kaya, ga doguwar tafiya, ga tarin da ya zama ruwan dare a tsakanin alhazai, ga taurin bayan gida saboda ƙarancin shan ruwa. Duk waɗannan suna matsa wa ciki. Ranar da hanjin ya fito ya ƙi komawa, kafar za ta iya shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Aikin da a gida za a yi shi cikin natsuwa a sallami mutum washegari, sai ya koma na gaggawa, wani lokaci har a yanke wani sashe na hanjin. Kumburin da ya yi tauri, yana zafi, ya ƙi komawa, musamman idan ya haɗu da amai, alama ce ta a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Sai kuma ƙafa. Ciwon sukari idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a tafin ƙafarsa. Cikin Harami daɓen farin marmara ne da ba ya ɗaukar zafi, amma kwaltar waje a tsakar rana tana ƙona fata. Alhaji yakan fito daga salla ya nemi silifas ɗinsa ya rasa, ya ce masauki ai ba nisa, ya taka haka nan. Mai lafiya zai ji zafi ya nemi inuwa. Mai ciwon sukari kuwa yana iya isa masauki bai san tafin ƙafarsa ya saɓule ba. Bayan kwana biyu ko uku wurin ya ruɓe. Likita zai kankare mataccen nama, ya ba da magani, amma idan ruɓar ta kai ƙashi ko ta bi jini, ba makawa sai a yanke yatsa, wani lokaci ma ƙafar. Rigakafin wannan babbar hasara bai wuce 'yar jakar da mutum zai sa takalminsa ya rataya a kafaɗa ba, da kuma duba tafin ƙafa kowane dare kafin barci.

Gyambon ciki shi ma yana da nasa rabon. Alhajin da jikinsa ke ciwo saboda tafiya yakan yi ta haɗiyar magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, sau da yawa ba tare da ya ci abinci ba. Waɗannan magunguna suna cin bangon tumbi, kuma gyambon da ya daɗe yana iya hujewa, abin da ke ciki ya tsiyaye, cikin ya yi tauri kamar katako. Wannan ma aiki ne da ba ya jiran wayewar gari.

Ranar Babbar Salla kuwa takan zo da raunukan wuƙa. A da can alhazai da yawa da kansu suke yanka hadayarsu, cikin cunkoso da gaggawa, ana yanke yatsu da jijiyoyin hannu. Shirin yanka da rarraba naman hadaya da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanarwa a 1983 ya ɗauke wa mafi yawan alhazai wannan aiki. Ragowar abin tsoro shi ne askin bakin titi, inda reza ɗaya kan zagaya kawuna da dama, abin da ke iya yaɗa ciwon hanta. Shi ya sa hukuma ta tanadi wuraren aski masu lasisi inda ake amfani da reza sau ɗaya a jefar.

Ranakun da asibitoci suka cika

Akwai dai shekarun da suka zama jarrabawa ga kowa. Ranar 2 ga watan Yuli na 1990, mutum 1,426 suka rasu a turmutsutsun da ya auku cikin hanyar ƙarƙashin dutse ta Mu'aisim. A watan Afrilu na 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina, fiye da mutum 340 suka rasu, sama da 1,500 suka ji rauni, abin da ya sa aka maye gurbin tantunan yadi da waɗanda ba sa kama wuta. A watan Janairu na 2006 fiye da mutum 340 suka sake rasuwa a wajen jifa, daga nan aka rushe tsohuwar gadar aka gina sabuwa mai hawa-hawa.

Shekarar 2015 ta zo da masifa biyu. Ranar 11 ga Satumba wata ƙugiyar gini ta faɗo cikin Masallacin Harami, ta hallaka fiye da mutum 100, ɗaruruwa suka jikkata. Ranar 24 ga wannan wata kuma aka yi turmutsutsu a Mina. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 ne suka rasu, amma da kamfanonin dillancin labarai suka haɗa alƙaluman da ƙasashe suka bayar, adadin ya haura 2,000. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yin hasara; daga cikin waɗanda ta rasa akwai fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin.

A irin wannan rana aikin farko na likitan fiɗa shi ne tantancewa: wa zai mutu idan ba a shiga da shi yanzu ba, wa zai iya jira. Mafi yawan masu rasuwa a turmutsutsu matsi ne ke hana ƙirjinsu buɗewa su yi numfashi. Waɗanda suka tsira kan zo da karyayyun haƙarƙari, ko fasasshiyar saifa, ko tsagaggiyar hanta. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a tsayar da jini, a toshe inda hanji ya huje, a kai majinyaci ɗakin kulawa ta musamman, a bar cikakken gyara sai ya sami ƙarfi. Wanda aka danne na tsawon lokaci kuma, naman jikinsa da ya dagargaje yana sakin guba mai lalata ƙoda, don haka ake gaggauta yi masa ƙarin ruwa.

Zafin rana ma babban abokin gaba ne. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin Hajji. Irin waɗannan mutane ba su da tanti ko motar da aka ware musu, kuma tsoron kamu kan sa wasunsu su guji neman taimako har sai lokaci ya ƙure.

Harshe da amana

Kafin a yi wa mutum aiki dole ne ya fahimci abin da za a yi masa, ya kuma yarda. Likita ma yana buƙatar sanin abubuwa da dama: yaushe ciwon ya fara, wane magani mutum ke sha, ko an taɓa yi masa tiyata, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa. Mai shan maganin tsinka jini, alal misali, yana iya zubar da jini fiye da kima idan likita bai sani ba. Dattijon da ya fito daga ƙauyen Katsina ko Maraɗi, wanda ba ya jin Larabci ko Ingilishi, zai sha wuya wajen bayyana wannan duka.

A nan ne tawagar likitocin ƙasa ke da amfani. Hukumar Alhazai ta Najeriya, NAHCON, wadda aka kafa da dokar shekarar 2006, takan buɗe ƙananan asibitoci a Makka da Madina, inda likitocin gida ke duba alhazai, su tura masu buƙatar tiyata zuwa asibitocin Saudiyya, su kuma bi sawunsu. Bugu da ƙari, Makka na da tsohuwar al'ummar Hausawa, jikokin waɗanda suka bi hanyar Chadi da Sudan a ƙasa suka tsallaka Bahar Maliya, kuma sau da yawa a cikinsu ake samun mai yin tafinta. Duk da haka, babu abin da ya fi alhaji ya riƙe takardar da likitansa na gida ya rubuta, mai ɗauke da sunan cutarsa da magungunansa, ya kuma bar abin shaidar da aka ba shi a jikinsa.

Maganar ta koma gida

Hukumomin alhazai na jihohi suna gwajin lafiyar maniyyata kafin tashi, kuma a 'yan shekarun nan Saudiyya ta tsaurara sharuɗɗa a kan masu ciwon ƙoda da zuciya da hanta da ya yi tsanani. Matsalar ita ce maniyyacin da ya biya miliyoyin naira yakan ji tsoron kada faɗin gaskiya ya hana shi kujera, sai ya ɓoye ciwonsa. Hausawa dai sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ƙaba ko duwatsun maɗaciya ba su hana mutum zuwa Hajji idan an yi aikinsu watanni kafin tafiya, kuma ayyuka ne da ake yi kullum a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da manyan asibitocin jihohi.

Sai dai ba a ɗora wa maniyyaci laifin duka ba. A shekarar 2015 wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai inganci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata, kuma ana buƙatar ƙarin ayyuka miliyan 143 a kowace shekara. Kwamitin ya ba da shawarar a sami aƙalla ƙwararru 20, tsakanin likitocin fiɗa da masu sa barci da likitocin mata, ga kowane mutum dubu 100. Najeriya da Nijar suna can nesa da wannan adadi, kuma abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne yadda ƙwararrun likitocin Najeriya ke fita aiki ƙasashen waje, ciki har da ita kanta Saudiyya. Alhaji na iya samun likita ɗan ƙasarsu a asibitin Saudiyya, alhali asibitin ƙaramar hukumarsa ba shi da ko ɗaya.

Wanda aka yi wa aiki a Makka kuwa, da sauran rina a kaba bayan an sallame shi. Likita ne zai faɗi ranar da ya dace ya hau jirgi, domin doguwar tafiya a zaune bayan tiyata na iya daskarar da jini a ƙafa. Batun wakilci a wajen jifa, da ɗawafi a kan keken marasa lafiya, da fansar da ke kan wanda lalura ta sa ya karya wata ƙa'idar harami, malaman da ke tare da kowace tawaga ne ke da ta cewa. Abin da ya rage wa alhajin shi ne ya karɓi rahoton aikin a rubuce kafin ya bar asibiti, domin likitan da zai cire masa zare a Kano ko Damagaram ya san abin da aka tarar a cikinsa da abin da aka yi.